Kafin ka zuba kuɗi a sabon wasan kati, da wa za ka buga?

Akwai wani ƙanenmu a nan Ingila, karatun digiri na biyu ne ya kawo shi, yaro mai hankali wallahi, amma ranar da muka haɗu wajen sunan ɗan wani abokinmu sai ya jawo waya yana nuna min wai ya biya kuɗin kwali guda na Riftbound, sabon wasan katin nan da aka ciro daga League of Legends, wasan kwamfuta na kamfanin Riot Games. Na ce to madalla, da wa za ka buga? Ya ce "Yaya ai sai kayan sun iso tukuna." Na ce ka ma iya wasan? Ya ce ya kalli bidiyo a YouTube kuma mai bidiyon ya ce duk wanda bai shiga yanzu ba an bar shi a tasha.

Maganar mai bidiyon nan ce ta ɓata min rai, ba yaron ba. Don irinta ake faɗa duk lokacin da sabon wasa ya fito, an faɗe ta a kan Lorcana mai 'yan zanen Disney a 2023, an faɗa a kan Star Wars: Unlimited a 2024, an faɗa a kan na Gundam a 2025, gobe ma za a sake.

Ra'ayina dai shi ne, in kai ɗan sha'awa ne kawai, mai son ya ɗan buga ranar Asabar bayan la'asar ya yi dariya ya tashi, ba ka da niyyar shiga gasa, to kar ka shiga sabon wasan kati a shekararsa ta farko, sai fa in kana da mutum takamaimai, wanda ka san sunansa ka san gidansa, da ya ce zai zauna ya buga da kai. In kana da shi, ku sayi dami biyu na 'yan koyo, wato jerin katin da kamfani ya riga ya haɗa wa mutum ɗaya ya buga da shi, ku tsaya nan. In ba ka da shi, riƙe kuɗinka.

Ga wanda bai san abin ba

Mu abin da muka tashi da shi Whot ne da karta. Ka sayi fakiti ɗaya, kowa a tabarma da shi zai yi wasa, katin da ke hannun Musa irinsa ne ke hannun Audu, in ya tsufa ya yi laushi a sayi wani. Shi wannan daban yake. Kowa da nasa damin yake zuwa, shi ya zaɓi katunan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kuma katunan ba a sayar maka da su a buɗe, a cikin 'yar leda a rufe suke zuwa ba ka san me ke ciki ba sai ka yaga. Wasu katunan birjik suke, wasu kuma sai ka yaga leda da yawa ba ka ga ko ɗaya ba.

Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya fito da tsarin da Magic: The Gathering a 1993 ƙarƙashin kamfanin Wizards of the Coast. Pokémon ya biyo baya a Japan a 1996, Yu-Gi-Oh! na Konami a 1999. Waɗannan ukun su ne iyayen gida har yau. Sauran kuwa, musamman a shekarun 1990 da kowane kamfani ya ga ana samu ya rugo, yawancinsu ko sunansu ba a tunawa.

Wasan nan ba ya buguwa da mutum ɗaya

Nan ne mutane ke tsallakewa. Sai a zauna ana ta muhawara wai wanne ya fi daɗin doka, wanne ya fi kyan zane, wanne ya fi buƙatar tunani, alhali duk wannan bai da amfani in katin zai ƙare a cikin durowa. Na sha ganin haka, mutum ya sayi kaya ya sa kowane kati a rigarsa ta roba, ya jera a kwali, ya ɗauki hoto ya sa a sitatus, shi ke nan an gama, wata shida kwalin na saman wadirob.

A garuruwan Turai da Amurka rayuwar wasan a ƙananan shaguna take. Shago ne gaba ana sayar da kaya, baya an jera tebura, an raba ranaku, yau na 'yan Magic gobe na 'yan Pokémon. Na taɓa leƙa wani irin wannan da daddare, tebura uku cike da 'yan Magic suna ta hayaniya ana cin cincin ɗin dankali, can lungu kusa da ƙofar bayi kuma wani bawan Allah shi kaɗai ya shimfiɗa tabarmar wasansa ta wani sabon wasa, ya jera dami biyu, ɗaya nasa ɗaya na duk wanda Allah ya kawo, yana latsa waya yana ɗaga kai duk lokacin da ƙofa ta buɗe. Har na fita ba wanda ya zauna. Wasan nasa mai kyau ne fa, na san shi. Mutane ne babu.

Mai shago kuma ba sadaka yake yi ba, teburin da ba ya kawo ciniki zai ba wani wasan. Daga ranar da aka cire wasanku daga jadawalin shago to sai dai ku koma falon wani, in akwai wanin.

Saboda haka kafin ka ciro katin banki, je shagon da ke kusa da kai ranar da suka ce ana buga wasan, ka ƙirga kawuna da idonka. Ka sake komawa bayan wata biyu ka sake ƙirgawa. Kar ka yarda da yawan da ka gani ranar ƙaddamarwa, ranar nan ko wasan banza ne cika ake yi saboda ana raba katin kyauta.

Maƙabartar tana da faɗi

Wani zai ce ai wannan babban kamfani ne ke bayansa, babban suna ne, ba zai mutu ba. To bari mu duba.

Star Wars dai ba ƙaramin suna ba ne. Kamfanin Decipher ya yi wasan katinsa daga 1995, mutane suka so shi sosai, a 2001 lasisi ya kuɓuce masa wasan ya tsaya. Fantasy Flight Games suka fito da Star Wars: Destiny a 2016, mai haɗe da ɗan lido, farkon fitowarsa nema ake ba a samu, a farkon 2020 suka ce sun daina. Yanzu kamfanin nan dai shi ne ke yin Star Wars: Unlimited. Ban ce shi ma zai mutu ba, amma wanda ya zuba kuɗi a Destiny in ya ɗan ja da baya ai ba a ce ya yi laifi ba.

World of Warcraft na kati ya fara 2006 ya tsaya 2013, lokacin da Blizzard, kamfanin da ke da shi, ta juya kan Hearthstone na waya da kwamfuta. Transformers kuwa Wizards of the Coast ne da kansu suka yi shi, masu Magic, kuma uwar kamfaninsu Hasbro ita ke da Transformers ɗin, wato ba ma maganar lasisin wani, duk da haka 2018 ya fito 2020 aka rufe. Android: Netrunner, wanda masana da yawa ke sa shi cikin mafi kyawun wasannin kati da aka taɓa yi, 2012 zuwa 2018, lasisi ya ƙare aka ce sai wata rana. MetaZoo da aka yi ta kururutawa lokacin korona ana cewa shi ne sabon Pokémon, kamfanin da ya ƙirƙiro shi ya sanar da rufewa a Janairun 2024.

Kamar sayen sabon samfurin babur ne da bai riga ya shiga kasuwa ba, yana da kyau yana da gudu, amma ranar da wani ɗan ƙaramin abu ya lalace ka zaga duk 'yan sifiya ba mai shi, bakanike ma ya ce bai taɓa kwance irinsa ba. Mai hankali yakan bari 'yan acaɓa su fara gwada shi shekara ɗaya tukuna.

Gaskiya ne katin da ka saya ba ya ɓacewa don kamfani ya daina bugawa, yana nan a hannunka. Amma jama'ar ce ke watsewa, kuma ita ce wasan.

"Ai gara a shiga tun kowa ɗan koyo ne"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a ɓangarensu kuma ba zan raina ta ba. Akwai wani daɗi na musamman a watannin farko, katunan ba su da yawa za ka iya sanin kowanne, ba wanda ya fi wani, kowa na lalube, ka haɗa wani shirmen dami ya ci wasa kowa ya yi mamaki. Wanda ya shiga Yu-Gi-Oh! yau kuwa Allah ya ba shi haƙuri, katuna sun fi dubu goma, rubutun kan kati ɗaya sai ka matso da shi kusa da ido, abokin karawarka zai iya shafe minti goma yana jera kati a zagaye ɗaya kai kana zaune kana kallo kamar an kira ka shaida.

Amma abu biyu. Na ɗaya, wannan zamanin na lalube ya gajarce ƙwarai. A 1994 sai ka jira mujalla ta fito kafin ka san damin da ya ci gasa, yanzu kafin ma kaya su iso shago an riga an saka hoton kowane kati a intanet, an gwada, an fitar da jerin dami mafi ƙarfi, mako biyu kowa a shago ya kwafa. Kai ɗan Asabar da ka zo da damin 'yan koyo za ka tarar an riga an yi maka nisa ko da wasan wata ɗaya ne da fitowa.

Na biyu, lokacin farkon nan shi ne mafi tsada. Lorcana da Ravensburger suka fitar a watan Agustan 2023, farashin leda ɗaya mai kati 12 dala 5.99 ne a hukumance, kwali mai leda 24 kenan wajen dala 144, amma kaya suka yi ƙaranci, 'yan saye-ka-ɓoye suka kwashe, mutane suka dinga biyan ninki a hannun 'yan bayan fage. Da kamfanin ya sake bugawa farashi ya sauko. Wanda ya yi haƙuri ya sayi kati iri ɗaya sak da rahusa, wanda ya riga malam masallaci shi ya biya kuɗin zumuɗi. Na One Piece, shahararren labarin zanen nan na Japan, da Bandai suka fitar da Turancinsa a ƙarshen 2022 shi ma an sha irin wannan ƙarancin.

To ka ga, kana biyan mafi tsada a daidai lokacin da ba a ma san ko wasan zai kai shekara uku ba.

Ledar nan da ake yagawa

Bari in ɗan daɗe a nan don nan kuɗin ke zurarewa.

A Magic da Lorcana da Pokémon dami kati 60 ne, kuma yawanci an yarda ka sa kati iri ɗaya har guda huɗu. One Piece 50 ne da katin jagora. Duk damin kirki yana son kwafi huɗu na katunan da suka fi ƙarfi, su kuma su ne kamfani ya sa suka fi wuyar samu, da gangan, don wannan shi ne kasuwancin. Kana iya yage kwali guda cur ka samu ɗaya daga cikin huɗun da kake nema ko ma ka tashi babu, ka tara tulin katunan da ba ka buƙata kowanne kwafi takwas. Sai zuciya ta ce ƙara leda biyu mana, ai saura kaɗan.

Duk wanda ya taɓa buɗe fakiti a FIFA ko eFootball yana fatan Mbappé ya fito masa ya san wannan bugun zuciyar, abu ɗaya ne, na takarda ne kawai. Kuma ba ni kaɗai nake ganin yana kama da caca ba. Beljiyam a 2018 ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasannin bidiyo caca ne a dokarta. Saudiyya kuma tun 2001 malamanta suka yi fatawar hana Pokémon, cikin dalilan da suka bayar har da caca. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi nasa, amma ko ba a je nan ba, mutum ya biya kuɗi sananne a kan kayan da bai san me ke ciki ba, mu dai a tarbiyyarmu abu ne da ake ɗaga gira a kansa.

Abin dariyar shi ne 'yan wasan da suka daɗe su ba sa haɗa dami ta hanyar yaga leda. Ɗai-ɗai suke saye. Ka rubuta katunan da kake so, ka shiga shafin sayar da kati na Cardmarket in kana Turai ko TCGplayer in kana Amurka, ka ga farashin kowanne a fili, ka biya a aiko maka a ambulan. Ka san abin da ka saya, ka san nawa ka kashe. Mafi yawan katuna ma kuɗinsu bai kai na biredi ba. Ledar kuwa an bar wa sabon shiga da masu bidiyo, su kuma masu bidiyon da yawansu kamfani ne ke aiko musu da kwalayen kyauta, ko kuma kuɗin talla ke biya, kai kana kallo kana ganin kamar kowa haka yake yaga kwali uku a zama ɗaya.

Amma fa sayen ɗai-ɗai sai in kasuwar ta kafu, akwai masu sayarwa da yawa farashi ya zauna. Sabon wasa a watanninsa na farko kati ɗaya yau dala 40 jibi dala 9, wannan ma wani dalilin jira ne.

"Ai jari ne"

Haba ɗan uwa.

Na san labaran. Logan Paul, ɗan YouTube ɗin nan na Amurka, ya taɓa mallakar katin Pokémon mai suna Pikachu Illustrator a kan dala miliyan 5.275 har ya shiga kundin Guinness. Mawaƙi Post Malone ya sayi katin zoben labarin Lord of the Rings guda ɗaya tak da Magic suka buga a 2023 a kan kusan dala miliyan 2. A 2021 abin ya kai shagunan Target a Amurka suka dakatar da sayar da katin Pokémon na wani lokaci bayan an yi faɗa a wajen ajiye motoci na wani reshensu a kan kati.

Amma tsoffin katunan da suka yi tsada sun yi ne don an buga su kaɗan, kuma a lokacin ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, yara sun cusa a aljihu, sun ɗaure da kyauro, uwa ta share ɗaki ta zubar, shi ya sa mai kyau a cikinsu ya zama abin nema. Yau kowa ya san labarin, kowa na ajiye kwali a rufe cikin kabad yana jiran ya zama attajiri, kamfanin Pokémon kuma yana buga kati sama da biliyan 10 a shekara. Abin da kowa ya ɓoye ta ina zai yi wuya? Kallon kitse ake wa rogo. In kuwa wasan ya mutu, to kwalin da ka ajiye ko mai shago ba zai karɓa ba.

In kasuwanci kake so ka yi, yi shi da sunan kasuwanci ka san kana iya faɗuwa. Kar dai ka riƙa faɗa wa matarka ko kanka wai jari ne alhali sha'awa ce.

Ɗan sha'awa da injin da ba ya tsayawa

Wani abin da ba a gaya wa sabon shiga shi ne wasannin nan ba a gama sayensu. Lorcana kusan duk wata uku sabon zubi na katuna ke fitowa. Star Wars: Unlimited uku a shekara. Magic a 2025 kaɗai zubi shida suka fitar na babban tsarin gasarsu, har da na Final Fantasy da Spider-Man. Sannan ga ritaya, bayan 'yan shekaru a ce tsoffin katuna sun daina shiga babbar gasa, Pokémon na yi, Magic na yi, Lorcana ma ta fara a 2025. Yu-Gi-Oh! ba ya yin ritaya amma yana da jerin katunan da ake haramtawa lokaci lokaci, ka wayi gari katin da ka sha wuya ka saya an ce ba a sa shi.

Za ka ce ni ai ba gasa zan shiga ba me ya dame ni. In a gida kuke bugawa kai da abokinka, gaskiyarka, ba ruwanku. Amma in shago za ka je neman abokin wasa, dokar gasa suke bi ko da wasan sada zumunci ne, kuma damin da ka haɗa watanni shida da suka wuce sababbin katuna sun riga sun taka shi. Mai aiki ko karatu da iyali, wanda sau biyu a wata yake samun sarari, ba zai iya bin wannan gudun ba, kuma ba daɗi ka riƙa zuwa ana lallasa ka kana murmushin yaƙe.

Shi ya sa ma a Magic tsarin da 'yan sha'awa suka fi rungumar shi ne Commander, mutum huɗu a tebur, kowa da kati 100 kusan duk babu maimai, ba ritaya, ana wasa ana hira ana haɗa kai a kayar da wanda ya fi ƙarfi. 'Yan wasa ne suka ƙirƙiro shi da kansu kafin kamfani ya karɓa. Irin wannan kusurwar ta masu sanyin jiki sai wasa ya daɗe take samuwa, sabon wasa yawanci 'yan gasa ne ke fara cika shi.

"In kowa ya jira ai wasan mutuwa zai yi"

Haka ne, amma wannan matsalar Riot Games ce da Disney da Bandai, ba taka ba. Suna da kuɗin talla, suna da 'yan gani-kashe-ni da za su kwana a layi ko ka zo ko ba ka zo ba. Alawus ɗinka na karatu ba shi zai ceci League of Legends ba.

Wanda nake ɗaga wa ƙafa shi ne masoyin labarin. Mutum ya shekara goma yana bin One Piece, yana son ya ga Luffy da Zoro a hannunsa, ko yarinya mai son 'yan zanen Disney. Wannan ko ba a buga wasa ba ya samu abin da yake so. Shi ma dai shawarar ɗaya ce, ya zaɓi katin da ya burge shi ya saya shi kaɗai ya sa a firem, ya fi masa arha nesa ba kusa ba a kan farautarsa cikin leda.

Gwada a waya tukuna

Manyan ukun duk suna da manhajar da ake saukewa kyauta. Magic na da Arena, Yu-Gi-Oh! na da Master Duel tun Janairun 2022, Pokémon na da TCG Live, ga kuma Pocket da ya fito Oktoban 2024 wanda aka sauƙaƙa shi wasa ɗaya 'yan mintuna. Ka yi wata guda kana bugawa ba ka sa ko sisi ba, za ka gane ko irin wannan wasan na zauna-ka-yi-lissafi ya dace da kai, don wasu suna son kallon katin ne kawai amma zaman wasan gundurarsu yake. Sai dai a kula, su ma manhajojin da tarkonsu, maɓallin sayen fakiti na nan yana ƙyalli a kowane shafi.

Mu da ke gida fa

Na san akwai samari a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai da ke ganin bidiyon yaga leda a TikTok ransu na biyawa. Ku naku lissafin ya fi tsauri. Da dala ake sayen kayan nan, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura dubu ɗaya, ga kuɗin jirgi ga na kwastan, kwali ɗaya sai ya lashe fiye da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ninki biyu ko uku. Sannan ga jabu. Duk kwalin Pokémon da ka gani a intanet da arhar da ta yi yawa to na bogi ne, za ka gane shi da ka riƙe, takardar sharara, launin bayan ya koɗe, wani ma kowane kati a ledar ƙyalli yake yi.

In har kun kai ku uku ko huɗu masu sha'awa a unguwa ɗaya ko hostel ɗaya, abin da zan ce shi ne ku haɗa kuɗi, in wani zai dawo daga waje ya riƙo muku damin 'yan koyo guda huɗu na wasa ɗaya, kala daban daban, da rigunan roba don zufa da ƙurar hunturu na cin kati. Ku riƙa musanya dami tsakaninku. Tunda ba shago ba gasa, ba ruwanku da ritaya ko sabon zubi, kuma a nan ne ma mataccen wasa ya fi rayayye amfani don katunansa sun faɗi warwas.

Ko kuma ku duba Netrunner ɗin da na ambata. Bayan kamfani ya sake shi a 2018 masoyansa suka kafa ƙungiyar sa-kai, yanzu sunanta Null Signal Games, suna ci gaba da fitar da sababbin katuna, babu ledar sa'a, kowane ƙunshi an san abin da ke ciki, kuma sun yarda ka sauke fayil ɗin ka buga da kanka. Wato ka je wajen mai firinta mai kala a bakin makaranta, ya buga maka, ka yanka da almakashi, ka zura kowanne a rigar roba da tsohon katin Whot a bayansa don ya yi ƙarfi. Mutum biyu ke bugawa, ɗaya kamfani mai ɓoye sirri ɗaya ɗan kutse mai son sacewa, dokokin na da ɗan wuya a zaman farko, sai ku ware yamma guda ɗaya ya karanta ɗaya ya jera.